Kusufin Agustan 2027 a Makka: manhaja uku, lokaci uku, wanne zan bi?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ta kawo ni, amma ku yi haƙuri in faro daga tushe, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi ba.

Ranar Laraba 29 ga Maris na 2006 ina ɗan shekara 17, muna zaune a Fagge. Kwanaki kaɗan ke nan da gama ƙidayar jama'a, tawadar da aka shafa mana a babban yatsa ko gama fita ba ta yi ba. Da hantsi, wajen goma da 'yan mintoci, hasken gari ya fara canzawa. Ba irin duhun hadari ba ne, wani haske ne mara ƙarfi, kamar tocilan da batirinta ya kusa ƙarewa. Iska ta yi sanyi-sanyi. Wani maƙwabcinmu mai walda ya fito da gilashin aikinsa muka riƙa karɓa hannu-hannu, na ga rana ta koma siririya kamar jinjirin wata. Can kuma ta fara cikowa, gari ya washe, kowa ya kama gabansa. Ni a zatona na ga kusufi, shi ke nan.

Sai ƙarshen mako Kawu ya zo daga Katsina. Yana fara ba da labari na gane ashe abin da suka gani daban, namu daban. Ya ce su duhu ne ya rufto musu gaba ɗaya, kaji suka nufi akurki, tauraro ya fito ɓaro-ɓaro, kuma duk inda ka juya gindin sama ya yi ja kamar magariba ta faɗo ta kowace kusurwa. Inda rana take sai wani baƙin rami, da farin haske kewaye da shi kamar an shaɓa auduga. Ya ce wani dattijo a layinsu durƙushewa ya yi yana kuka yana salati. Sama da minti uku suna cikin wannan hali. Katsina fa, nan da nan, tafiyar awa biyu da 'yan kai a mota. Da a ce akwai wanda ya ce min tashi ka tafi, wallahi da na tafi ko da rance ne. Har yau abin yana raina.

To ga inda maganar take. Shekara uku ke nan ina zubin adashe a kasuwa da niyyar kai Inna umara. Shekarunta 67, ba ta taɓa fita ƙasar nan ba. Da na so a ce da azumi ne, amma kuɗin kujerar azumi ya fi ƙarfina, ga turmutsutsu, ita kuma gwiwa ta fara damunta. Muna cikin wannan lissafi na ji a rediyo cewa ranar 2 ga Agustan 2027 za a yi cikakken kusufin rana, kuma inuwarsa za ta bi ta kan Makka. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na ce in Allah ya ara mana rai, wannan karon ba za a ba ni labari ba.

Na sauke manhaja uku a wayata don in san lokaci da wurin tsayawa. Duk na rubuta musu Makka. Ɗaya ta ce rana za ta rufe da ƙarfe 10:24, ɗaya ta ce 11:24, ta ukun ta ce 1:24 na rana. Mintin ɗaya ne, awannin ne suka sha bamban. Abin da bai wuce minti biyar ba, in ka kuskure shi da awa guda ai ka yi asarar tafiya. Wacce ce mai gaskiya a cikinsu? Sannan akwai wasu alamu, C1, C2, C3, C4, kowacce da lokacinta, ban san ko wanne ne nawa ba.

Wani abin kuma, mai shirya mana tafiyar ya ce yawanci sukan raba kwanakin ne tsakanin Madina da Makka. In ranar ta same mu a Madina, daidai ne? Na ga taswirar ta ja wani layi mai faɗi ya ratsa Jidda da Makka, Madina kuma kamar tana can gefe, amma manhajar ta ce a can ma za a rufe mafi yawan rana.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: bara aka yi wa Inna aikin yanar ido, duka biyun. Yanzu tana zura zare a allura da kanta, abin da ta shekara biyar ba ta yi ba. Ba zan so in kai ta ƙasa mai tsarki in dawo da ita da lalurar ido ba. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka.

Malamar Kimiyya ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya cika maka wannan buri. Ni a Gusau na 2006 ya same ni, ina makarantar kwana, kuma duk abin da Kawunka ya faɗa haka yake, bai ƙara gishiri ba. Shi ne ma dalilin da na karanta kimiyya, yau nake koyar da ita.

Ka kwantar da hankalinka, manhajojin nan uku ba su saɓa wa juna ba, magana ɗaya suke yi da agogo uku. Ka tuna yadda ake cewa a rediyo "ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar"? To shi ne. 10:24 agogon GMT ne, wasu manhajojin suna rubuta UT ko UTC a gefensa. 11:24 agogon gida ne, manhajar ta bi saitin wayarka da ke Kano. 1:24 kuwa agogon Saudiyya ne, wanda ya riga namu da awa biyu, kuma shi ne za ka gani a jikin bango in kana Makka. Shi za ka rubuta a takarda. In kun sauka ka tabbatar wayar ta koma agogon can da kanta, sannan ka sake buɗe manhajar ka bar ta ta ɗauki wurin da kake tsaye ta GPS, don lokacin yana ɗan motsawa da 'yan daƙiƙoƙi daga unguwa zuwa unguwa.

Alamun nan huɗu matakai ne. C1 lokacin da wata zai fara gutsurar gefen rana, a Makka jim kaɗan bayan sha biyun rana. Daga nan sama da awa guda yana ci a hankali. C2 shi ne naka: lokacin da ɗigon haske na ƙarshe zai ɓace. C3 lokacin da hasken zai sake tsillowa ta ɗaya gefen. C4 kuma wata ya saki rana gaba ɗaya, can bayan biyu da rabi. Abin da Kawu ya gani yana tsakanin C2 da C3 ne kaɗai. A Makka minti 5 ne da 'yan daƙiƙoƙi, a Jidda kusan minti 6, mafi tsawonsa kuma yana kusa da Luksor a Masar, minti 6 da daƙiƙa 23.

Maganar Madina kuwa, kada ka yarda. Madina tana wajen layin. In kuka tsaya can, abin da ya same ka a Fagge ne zai maimaita kansa. Mutane sukan ji an ce kashi casa'in da wani abu cikin ɗari sai su ɗauka sun ga kusan duka, alhali ba haka lissafin yake ba. Rana ta fi cikakken wata haske sau kusan dubu 400. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ya rage a buɗe, hasken wata dubu huɗu ke nan a sama, ya isa ya ɓoye taurari da wancan farin hasken da ke kewaye da rana. Inuwar wata a doron ƙasa ƙarama ce, a wannan karon faɗinta bai fi kilomita 260 ba. Ko dai kana cikinta, ko kana waje. Aikin manhajar ke nan na gaske: ta faɗa maka ko ƙafarka tana ciki.

Ni abin da nake amfani da shi, shafin timeanddate.com don lokutan kowane gari, yana ba da su ne da agogon garin, har da hoto mai motsi na yadda rana za ta ragu. Sai Stellarium a waya, wanda ka iya canza masa wuri da rana da lokaci ya nuna maka sama kamar kana tsaye a can. Ka sa Makka, ka sa 2 ga Agusta 2027, ka riƙa tura agogon gaba a hankali, za ka ga sama ta yi duhu, ka ga tauraruwa Zara dab da rana. Akwai kuma Solar Eclipse Timer, ita ba ta kallo ba ce, ta saurare ce: tana ƙirga daƙiƙoƙi da murya, ta sanar da kai lokacin cire tabarau da lokacin mayarwa. Da Turanci take magana.

Yanzu ido. Don Allah a nan ka saurare ni da kyau. Bangon ido na ciki, inda hoto ke sauka, ba ya jin zafi. Rana za ta ƙona shi mutum bai ji komai ba, sai bayan awanni ya ga wani tabo a tsakiyar ganinsa, wani lokacin ya tafi, wani lokacin ya zauna har abada. Baƙin tabarau na gayu ba ya karewa, ko ka haɗa uku. Fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ba ya yi, gilashin da aka turara da hayaƙi ba ya yi, kallon rana a cikin ruwan kwano da ake yi a gidajenmu shi ma ba tsira ba ne. Gilashin walda sai in lambarsa ta kai 12 zuwa 14, na masu walda na bakin titi kuwa sau da yawa bai kai ba. Allah ne ya kiyaye ku a 2006. Abin da za ka nema tabarau ne na kusufi, na kwali, mai ɗauke da lamba ISO 12312-2. Tun daga C1 har C2 da shi za a kalli rana, a cire in ta rufe ruf, a mayar kafin C3. In Inna tana sa tabaran likita, a ɗora na kusufin a kansa. Kuma tunda an yi mata aiki, ku koma wurin likitan da ya yi mata ku gaya masa shirinku tun yanzu.

In kuma hankalinka bai kwanta ba, ba dole ne ta ɗaga kai ba kafin rufewar. Ka tafi da matsamin ƙosai a jaka. Ta juya wa rana baya, ka riƙe shi sama da farin ƙyalle a ƙasa, kowace huda za ta zana ɗan jinjirin wata. A Gusau a ƙarƙashin darbejiyar makarantarmu muka ga haka, ƙasa ta cika da ɗaruruwan jinjirin wata suna rawa in iska ta kaɗa ganye. Har yau ina ganin su in na rufe ido.

Wani abu da ɗalibaina suke jin daɗinsa: kusufi yana da dangi. Duk bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da sulusin yini, irinsa yakan dawo, sai dai ya matsa yamma sosai. Wanda aka yi ta yayatawa a Amurka ranar 8 ga Afrilun 2024 ƙanin na Katsina da Gusau ne.

Dattijon Zariya ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da hidimar mahaifiya. Magana ɗaya zan yi, ba don in kashe maka gwiwa ba.

Na karanta duk bayanin, na ga ana ta zancen tabarau da minti da daƙiƙa, ban ga inda aka ambaci salla ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, an yi kusufin rana a Madina, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Sai ya gyara musu, ya sanar da su rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gan su a yi addu'a, a yi salla, a yi kabbara, a ba da sadaka. Shi da kansa cikin gaggawa ya fita zuwa masallaci yana jan mayafinsa. Raka'a biyu ce, kowacce da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, ana tsawaita karatu.

Ba na cewa sanin lokaci laifi ne. Wanda ya tsara tafiyar rana da wata bisa lissafi shi ya ba ɗan Adam basirar ƙirgawa. Ni kaina jikana ke duba min lokacin salla a waya in muna hanya. Amma mutum ya kashe gumin shekara uku, Allah ya kai shi Makka a irin wannan rana da ba kowa zai samu ba, sannan a kira salla yana can yana latsa waya, wannan shi nake jiye maka. Malama ta ce abin zai ɗauki sama da awa biyu da rabi daga farko zuwa ƙarshe. To akwai wurin komai. Ka tsara yininka da salla a gaba, kallo ya biyo baya. Kuma ka tambayi ita Innar me take so, tafiyarta ce.

Mazaunin Jidda ya amsa:

Alhaji sannu da ƙoƙari. Shekarata goma sha ɗaya a nan ina tuƙi tsakanin Jidda da Makka, bari in faɗa maka abin da manhaja ba za ta faɗa maka ba.

Farkon Agusta da ƙarfe ɗayan rana a Makka ba wasa ba ne. Zafi yana haura 40, ƙasa kamar tanda. Wayar da ka dogara da ita, in ka bar ta a rana minti goma sha biyar da GPS a kunne da haske a ƙure, za ta dushe fuska ta ce ta yi zafi, wata ma ta kashe kanta. Ya sha faruwa da ni a gaban mota. Ka ajiye ta a inuwa cikin jaka, ka cika cajinta tun safe, ka riƙe fawa banki. Lokutan nan huɗu ka rubuta su da biro a takarda, ka sa agogon hannu wanda ka saita da safiyar ranar. Sabis kuma kada ka sa masa rai, inda mutane suka yi yawa irin na Harami ko saƙo da ƙyar yake fita, balle a irin wannan rana. Duk abin da za ka sauke ka sauke tun kana masauki.

Sannan a wannan lokacin rana tana kusan tsakiyar ka ne. Alherin abin shi ne dogayen otal-otal ba za su tare maka ita ba in kana fili. Wahalar kuma wuya. Tsohuwa ba za ta iya tsayawa ta ɗage kai sama ta daɗe ba, jiri zai ɗebe ta. Ka nemi kujera mai jingina ko tabarma da filo, ta zauna a inuwa da ruwa a hannu, sai saura 'yan mintoci ka fito da ita. Kibiyar da ke nuna alƙibla ko inda rana take a waya tana rikicewa kusa da manyan gine-gine masu ƙarfe, amma wannan ba damuwa ba ce, rana tsaka ba ta ɓuya.

Game da abin da Baba na Zariya ya faɗa, gaskiya ne, kuma bisa al'ada ana yin sallar kusufi a Harami in ya faru. Sai dai ka sani mafi yawan cikin masallacin rufaffe ne, in kuna ciki ba za ku ga sama ba. Filin ɗawafi da saman bene da haraba su ne a buɗe, su ne kuma rana ke duka, kuma ranar kowa can zai nufa. Da mai ciwon gwiwa ni ba zan kutsa ba. In da hali, ka nemi masaukin da ake barin baƙi su hau rufinsa, ko wanda ke da fili a gaba da masallaci kusa. Ka tambayi wannan tun kafin ka biya kuɗi.

In ka fi son minti shida, jirgin ƙasa na Haramain yana kawo mutum Jidda daga Makka cikin kusan rabin awa, daga Madina zuwa Makka kuma awa biyu da wani abu. Amma tikitin ranar zai yi wuya, ka yanka da wuri. Mu nan matsalarmu gumi da hazo na bakin teku, can wajen duwatsun gabas kuma gajimare yakan taso da rana a wannan watan. Kwana uku kafin ranar ka fara bin hasashen yanayi, shi ne zai yi maka amfani, ba na yanzu ba.

Hoto kuma ka haƙura. Kyamarar waya ɗan farin ɗigo za ta ba ka, kuma nuna ta ga rana ba tare da kariya ba yana iya lalata ta. Ƙwararru za su ɗauka, za ka samu a intanet da yamma.

Ɗan Nima ya amsa:

Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Ghana. Mu ma na 2006 ya rufe mu ruf, da safe jim kaɗan bayan ƙarfe tara, kafin ya wuce Togo da Benin ya iso gare ku. Ina tuna yadda masallatan zango suka cika.

Yaya, kana da damar gwaji kafin Agusta. Ranar Asabar 6 ga Fabrairun 2027 akwai wani kusufin, irin na zobe, wanda wata yake nesa da mu har ya kasa rufe rana duka, sai ya bar haske kewaye kamar awarwaro. Zai taso ne daga Kudancin Amurka ya ƙetare teku ya ƙare a gaɓarmu da faɗuwar rana: Ankara, Lome, Kwatano, har Legas. Ku a Kano zoben ba zai kai gare ku ba, amma ka duba manhajarka, rana za ta faɗi da gutsure a jikinta. Ƙarshen Sha'aban ne, ana shirin duban watan azumi. Dama kusufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, lokacin da wata ya shiga tsakaninmu da rana.

Ka fita da Inna ranar, inda babu gini ta yamma. Ka gwada tabaran, ka gwada agogon manhajar ka ga ko C1 ya zo daidai, ta saba sawa da cirewa ba tare da ta kalli rana da ido tsirara ba. Amma a wannan ba a cire tabarau ko kaɗan, ko mu da za mu ga zoben, don hasken bai taɓa ɗaukewa duka ba. Abin da nake tsoro kawai hazon hunturu.

Ga waɗanda ke karantawa ba su da kuɗin jirgi: na Agusta ɗan ɓangare kawai za a gani a ƙasar Hausa, kuma tsakiyar damina ce. Amma 20 ga Maris na 2034 cikakke zai sake ratsa Najeriya, daga wajen Legas ya shiga Kamaru da Chadi. Mai rai ya fara duba taswira.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Jama'a na gode, Allah ya biya ku. Malama, na duba, wallahi ga UTC nan a rubuce ƙanana a gefen 10:24, idona ne bai kai ba. Na sauke Stellarium na yi yadda kika ce. Jiya bayan isha'i na je ɗakin Inna na zauna a bakin gado, na sa Makka, na riƙa tura lokacin da yatsa. Da sama ta yi baƙi a fuskar wayar taurari suka fito, sai ta karɓe ta daga hannuna ta kawo kusa da fuska ta daɗe tana kallo. Ta ce su suna yara in wata ya yi zazzaɓi, gwangwani da ƙwarya suke ɗauka su zaga gari suna kaɗawa suna roƙon rana ta saki wata, amma ba ta taɓa ganin taurari da azahar ba.

Baba na Zariya, na gode da tunatarwa, kuma na bi shawararka na tambaye ta. Ta ce ita dai a kai ta inda za ta samu sahu, in kuma Allah ya nufa ta ga duhun da ƙaninta ya gani, tana so. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta rabu biyu in na tuna sallar tana iya haɗuwa da waɗannan mintoci biyar. Ranar Juma'a zan kai wa malaminmu maganar in ji yadda ya kamata mu yi.

Abin da na yanke dai: Makka za mu tsaya, ba Jidda ba. Minti ɗaya bai kai in ɗora ta a jirgin ƙasa a irin wannan rana ba. Na gaya wa mai shirya tafiyar a fara da Madina, mu kasance a Makka tun 30 ga Yuli, in bai iya ba in nemi wani. Maganar rufin masauki ma na sa a cikin sharaɗi. Likitan ido kuma mun karɓi kati na wata mai zuwa.

Saura abu biyu. Ta yaya zan gane tabarau na gaske, tunda kowa zai iya buga lamba a jikin kwali? Kuma manhajar da ke ƙirga da murya, Inna ba ta jin Turanci.

Malamar Kimiyya ta amsa:

Gaskiyarka, lamba kaɗai ba ta isa ba. Ƙungiyar masana taurari ta Amurka tana da jerin kamfanonin da aka tantance a shafinta, ka sa wanda zai yi maka oda ya saya daga cikinsu, kuma tun kafin Fabrairu. In sun iso ka sa a ɗaki: bai kamata ka ga komai ba, ko hannunka, sai dai ƙwan fitila mai ƙarfi ya ɗan bayyana dishi-dishi. Wanda ka ga kujera ko taga ta cikinsa, ko yana da ƙarce ko huda, ka yar. Ka sayi kamar goma, ba su da nauyi, za ka tarar da tsofaffi a ayarinku da ba wanda ya tanadar musu.

Muryar kuwa kai ne za ka zama muryar. Ka sa abin saurare a kunne ɗaya, ka zauna kusa da ita. In ta rufe ka ce "Inna cire." Saura daƙiƙa 20 kafin C3 ka ce "Inna mayar," kada ka jira sai hasken ya tsillo. Ku gwada wannan sau biyu sau uku a tsakar gida, da tabaran a hannunta.